Wa Ya Wanke Maka Naka?

Da asuba, kafin ƙudaje su farka,
nakan tashe ka, Falaniko.
Tabarma ta manne maka a cinya,
sai na jiƙa ta da ruwa mai ɗumi
kafin ta yarda ta sake ka.
In ta ɗago, ga zanenka a jikinta,
baƙi-baƙi, a juye,
kamar ita ma ta kwanta gaban mai jarfa.

Kwana goma sha biyu yana ƙwanƙwasa ka
da matajin ƙashi da 'yar sanda,
daga ƙugu har ƙasan gwiwa,
maza biyu suna ja maka fata kamar za a rufe ganga.
Ya ƙare a cibiya, ya wanke hannu,
ya hau motar Salelologa ya tafi.
Abin da ya rage nawa ne.

Ya bar mini magana huɗu:
sabulu marar ƙamshi, sau uku a yini.
A matsa a hankali har ruwan ciwo ya fita.
Kada rana ta gan shi.
In ja ya bazu ko zazzaɓi ya hau,
asibiti, ba a jiran gari ya waye.

Bai ce komai ba game da tafiyarka,
ƙafafu a buɗe kamar ƙaguwa a bakin teku,
ko yadda kake cizon gefen zani
don kada uwarka ta ji.
Ta ji.
Tana can bayan labule tana fere gwaza,
wuƙarta na tsayawa duk sanda ka yi nishi.

Rana ta shida ƙaiƙayi ya iso,
shi ne babban baƙo, ya fi zafin wayo.
Na yanke maka farce kamar jariri.
Da dare na riƙe hannayenka biyu
ina kaɗa mafici da ƙafa,
kana zagin ƙudaje, kana zagin teku,
ka kusa zagina, ka haɗiye.
Na ce: ɓawon nan ba naka ba ne tukuna,
wanda ya ɓamɓare shi ya ɓamɓare layi,
layin kuma ba ya dawowa.

Rana ta tara, ruwa ya jiƙa mini riga sharkaf.
Na cire ta ban yi tunani ba,
na juya zan ɗauko moɗa.
Sai na ji shirunka a bayana.

Eh. Layi uku ne da rabi.
Sun koɗe, sun koma launin toka.
Kwana biyu na yi a tabarmar nan, ina da shekarunka,
a na uku na bi ta cikin ayaba na gudu.
Shekara talatin da ɗaya ban tuɓe riga gaban maza ba,
ko a kwalekwale, ko rana na dafa ƙwaƙwalwa.
Suna cewa Pelenato mai jin sanyi ne.

Na jira ka kau da kai.
Ƙararrawar coci ta buga, kare ya wuce.
Ka ce: Baba, wa ya wanke maka naka?

Ba kowa.
Ni na wanke, da dare, a bayan gindin kwakwa,
inda hannuna ya kai.

Ka miƙo hannu, na ba ka moɗar.
Da ƙyar ka tashi, kana dafa ginshiƙi,
ka zuba mini ruwa daga kafaɗa,
ka bi layi ukun nan da yatsa
a hankali, kamar jiya aka yi su.

Yanzu ɓawo yana zuba da kansa.
Kowace safiya ina share shi daga tabarma,
baƙi, marar nauyi, kamar fiffiken gina.
A ƙarƙashi fata tana sheƙi, sabuwa, mai jin kunya.
Na shafa mata man kwakwa kaɗan,
ka ce ya yi yawa.
Na goge.