Wanzami a Layin Jarfa

Lambata hamsin da bakwai.
Allon ya tsaya a arba'in da tara tun hantsi,
ni kuwa jira sana'ata ce:
na taɓa kwana uku cikin mota a Omaha
ina kallon ƙofa guda, shayi ya huce, ƙafa ta sage,
don in ga ko mai ciwon baya zai ɗaga buhun siminti.
Ya ɗaga. Na ɗauki hoto. Kamfanin inshora ya biya.

Shekara talatin da ɗaya ina bin sawun mutane,
duk shekara biyu jiha ta bi nawa.
Kawo takardar jingina, kawo hoto, ban da murmushi,
rantse ba ka taɓa kiran kanka ɗan sanda ba,
ba ka buɗe wasiƙar wani, ba ka dasa kunne a wayarsa.
Wanzami ba ya son jarfa,
ga shi nan a layi, rungume da fayil.

Ma'aikaciyar, Odalys aka rubuta a ƙirjinta,
ta kama hannuna kamar mai duba,
ta danna babban yatsa a kan gilashi.
Na'ura ta nuna ja.
Ta shafa mai, ta sake. Ja.
"Mista Prochaska, zanen yatsunka ya goge.
Tsufa kan yi haka. Magina ma, da masu wanki."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Mutumin da ya ci abinci da sawun wasu
ya wayi gari ba shi da nasa.

Katin nan iyakarsa gada.
Tsallaken kogin Missouri wata jiha ce, wata hukuma, wani kuɗi.
Na taɓa bin wani maci bashi har bakin ruwa,
na taka birki ina zagin doka da wanda ya rubuta ta.
Gani nake karen farauta aka ɗaure a turke.

Sai shekarar da wani ya shigo ofishina, hula a hannu.
Ya ce ƙanwarsa ta ɓata, uwarsu na gadon asibiti.
Ban nemi shaida ba. Idonsa ja, kuɗinsa tsaba.
Kwana tara na samo ta
tana ninke zannuwan gado a wani otal a Kearney,
ta rina gashi, tana amsa sunan Ilse.
Na rubuta adireshin a bayan rasit, na miƙa masa.
Ba yayanta ba ne.
Shi ne dalilin rinin gashin.

Ta rayu. Iyakar abin da bakina ke iya ɗauka ke nan.
Hukumar ta kira ni ɗaki mai dogon tebur,
mutum biyar, ruwa a kofin takarda,
suka karɓe katin wata goma sha takwas.
Lauyana ya ce mu ɗaukaka ƙara. Na ce bari.
Na koma sayar da taya a shagon surukina,
dare ya yi in ga hannun nan yana rubutu a bayan rasit.

Tun daga nan, mai cigiya
shi nake fara tonawa kafin in karɓi sisinsa.
In na samo wanda ya ɓata, sai in tsaya nesa in tambaya:
kana so a same ka?
Da yawa sukan ce a'a.
Rabin cinikina ya bi su, bai dawo ba.

Odalys ta jawo aljihun tebur,
ta fito da tawada da farin kati irin na da.
"Mu gwada tsohuwar hanya."
Ɗaya bayan ɗaya take mirgina yatsun,
baƙaƙen tabo goma, wasu kamar hadari, wasu kamar komai ba.
Ta ɗaga katin ga fitila.
"Wataƙila su karɓa. Ka saurare mu nan da sati shida."

Ta miƙo tsumma. Na sa a aljihu.
A waje dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan Lincoln,
kuma duk abin da na taɓa har mota,
marfin ƙofa, ƙarfen matakala, tikitin fakin,
ya riƙe shaidar cewa ni ne na wuce.