Murfin Akwatin Tabawa

Damina uku ina bin Baba Cinɗo,
daga Gagarawa har kasuwar Maigatari,
ina riƙe masa jaka da 'yar tocila.
Darasin farko cewa ya yi in rufe ido.
Ido, in ji shi, ɗan talla ne,
hannu ake kira in za a ba da shaida.

Na koyi sawun gizago a bayan katako,
tudu da kwari kamar gona bayan huɗa.
Na inji sumul yake, ba ya da labari.
Ƙusar maƙeri kowace da nata karkataccen kai,
ta kanti kuwa duk uwa ɗaya uba ɗaya.
Maɗaci, lasa shi, zai gaya maka sunansa.
Kirya nauyi gare ta,
gara kan zo ta gaishe ta, ta wuce da yunwa.

Na koyi hannun mutanen da ban tarar ba.
Na'ibi na bakin tasha, zamanin dalar gyaɗa,
haƙori bakwai yake yanka wa kowace kusurwa,
na ƙarshen siriri, sai ka ce ya yi rowa.
Ɗanbaba Gurgu ba ya goge cikin durowa,
wai mai leƙa can ba saye ya kawo shi ba.

Na ga masu turara sabon akwati da hayaƙin kara,
su shafe shi da man gyaɗa, su ajiye a turken awaki.
Baba kan sunsuna sau ɗaya, ya share hanci:
"Wannan tsohon bai kai arba'in ba."

Ran wata Laraba aka aike ni ni kaɗai.
Tabawa ta ja akwatinta zuwa bakin ɗaki,
dillali na zaure yana kaɗa makullin mota.
Na durƙusa. Na rufe ido.
Ɗaya, biyu, har bakwai, na bakwai siriri.
Gabana ya faɗi: Na'ibi ne, ba tantama.

Sai hannuna ya hau murfi, ya yi tuntuɓe.
Farin katako, irin na kwalin shayi,
ƙusar kanti, uku sun lanƙwashe,
gefe ɗaya ya fi ɗaya da faɗin yatsa.

Na ce, "Iya, jikin ya haura shekara tamanin,
kuɗinsa zai sayi bijimi da garma.
Murfin ne ya kashe shi.
Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe zarto ba."

Ta yi dariya har ta kama ƙugu.
"Bai taɓa ba kam. Manomi ne.
Shekarar gobara murfin fari ya tafi,
ya kwana uku yana fama a gindin tsamiya,
ya buge babban yatsa, farcen bai sake fitowa ba."

Ta miƙo mini wuƙa: "Cire min shi.
Ba mai mota nasa, ya ƙara gaba."

Da yamma na kai wa Baba labari,
na tambaye shi nawa zan rubuta wa murfin.
Ya daɗe yana murza yatsansa na shida.
Ya ce, "Bar gurbin haka.
Ni ma ban kai wannan darasin ba."