Hagu da Sifili

Malama Ladidi ta ja dogon layi a allo,
alli ya karye, ta tsinci guntun ta ci gaba.
Ta ce, "Ɗaya, biyu, uku, har inda numfashi ya kai,
su ne lambobin ƙirga."

Ni na san su tun ban shiga aji ba.
Da su Baba ke ƙirga dilolin atamfa
a masaƙar Kakuri, zamanin da jiniya
ke tashin unguwa kafin zakara ya yi shawara.
Da su Inna ke rabon nama:
mu shida, tsoka shida, ba gardama.

"Ku ajiye sifili kafin ɗaya," in ji Malama,
"sun zama cikakkun lambobi."
Wani daga baya ya ce, "Ina cika a cikin babu?"
Aji ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.
Na ga sifili ranar da aka sa wa masaƙa kwaɗo.
Baba ya dawo da hantsi, yana tura keke, bai hau ba.
Ya zazzage aljihu a kan tabarma,
sai zare da maɓalli ɗaya.
Ashe babu ma tana da mazauni a layi,
zagayayya, kamar bakin tukunyar da ba a ɗora ba.

Sai Malama ta taka zuwa hagu.
"Layin bai ƙare a nan ba."
Ta kwantar da 'yar sanda gaban ɗaya, gaban biyu.
"Waɗannan ƙasa da sifili suke.
Ku haɗa su da na dama, sifili a tsakiya,
dangi ya taru ke nan, ba rabi, ba gutsure."
Yara suka ce, "Yaya abu zai gaza babu?"

Da sun tambaye ni.
Akwai littafi a shagon Talatu,
bangonsa ya sha manja,
shafi na tara namu ne:
garin masara mudu biyu, sabulu, kananzir rabin kwalba.
Mai sifili yana barci har da minshari.
Na hagu da shi kuwa,
sai ya yi gumi kafin ya kai babu.

Shekara biyu Baba na gyaran keken ɗinki a Kasuwar Barci,
yana hawa layin nan taki ɗaya-ɗaya,
wani watan ya zame, ya koma uku baya.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
Talatu ta lashi yatsa, ta buɗe shafi na tara,
ta ja masa biro daga sama har ƙasa.
Baba ya shigo gida a jiƙe, yana washe baki,
ya ce, "Alhamdu lillahi, yau ba mu da komai!"
Inna ta rangaɗa guɗa.

Washegari ya miƙo mini naira goma.
Na riƙe ta, na fara daga ɗaya.