Kwalba Ta Arba'in Da Ɗaya

A Calama ruwan sama baƙo ne,
sai ya shekara bai yi sallama ba.
Ni kuwa kullum da ruwa nake wuni,
baƙi wuluk, a 'yan kwalabe,
wanda aka tatso daga tifofin ramin tagulla,
masu tayar da ta fi ɗakin kwanana tsayi.

Kwalba arba'in kafin a tashi.
Kowace da lambarta, da awowin da injin ya yi yana gurnani.
In zuƙa da sirinji, in miƙa wa na'ura,
ta ƙona ɗigo ɗaya, ta karanta launin wutar,
ta tona abin da inji ya ɓoye wa direbansa:
ƙarfe kaza cikin miliyan, dalma kaza,
da yashin da ya sato hanya ta bayan filta.
Inji ba ya kuka da wuri.
Gari yake fara zubarwa,
a hankali, kamar tsohon dutsen niƙa.

Mahaifina, Eleuterio Mamani,
bai yarda da ko ɗaya ba.
Yana da jar a-kori-kura
da ta girme ni da shekara uku.
Kilomita dubu biyar cif, sai ya shimfiɗa kwali,
ya shige ƙarƙashinta ya yi juye,
ya murza baƙin mai tsakanin yatsu biyu,
ya ɗaga wa rana, ya shinshina.
"Nélida, hanci ya riga na'urarku zuwa duniya."
Na ce, "Baba, man nan da sauransa,
kuɗi kake tuttulewa a jarka."
Ya ce, "Mai da araha, inji da tsada."
Daga nan ya ja bakinsa ya tsuke.

Ran Lahadi, da ya shiga wanke hannu,
na saci rabin kofi daga daro.
Ran Litinin ya zama kwalba ta arba'in da ɗaya,
ba suna, ba lamba.

Gardama kawai nake so in ci.
Na kuwa ci: kauri daidai, tsami kaɗan,
zai ƙara dubu huɗu bai gaji ba.
Har na soma murmushi
sai idona ya sauka layin ƙasa.
Gishiri iri biyu sun ɗaga kai,
shaidar ruwan lagireto na sulalowa cikin mai,
ɗan kaɗan, ƙasa da abin da yatsa zai ji.
Dalma ma ta taso: boris ya fara cin kansa.
Ashe juyen da yake yi da wuri
shi ke share sawun ɓarawo
duk bayan wata uku.

Na kai masa takardar da daddare.
Ya sa tabarau, ya bi layi da farce,
shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Washegari shi da Froilán bakanike
suka buɗe kan injin a inuwar katanga.
Ga tsaga a gaskit, siririya kamar gashi.
Baba ya daɗe yana juya ta a tafinsa,
ya kai ta hanci, don sabo.
Bai ji komai ba.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba,
"Na'urar nan taku,
tana karanta jinin mutum?"
Na ce, "A'a, wannan sai asibiti.
Takardar na nan a aljihun motarka,
ninki huɗu, tun watan Afrilu."
Ya goge sifana, ya sake goge ta.

Ran Alhamis, gari bai gama wayewa ba,
dutsen Andes na nan shuɗi da sanyi,
na ji ham sau biyu a ƙofar gida.
Motar Froilán ce, ta aro.
Baba na zaune a gaba, bai karya ba,
hannun rigarsa na hagu
a naɗe har gwiwar hannu.