Kwabo a Gindin Teku

Ina da teku a falo, a Unguwar Rimi,
kamu uku tsawonsa, gilashi ne bangonsa.
Gishirinsa a buhu yake zuwa daga Ikko,
in karɓo a tashar Mando,
in dama a bokiti kamar mai dama kunu.

Inna ta san murjani a wuya,
ja, a zare, ranar suna.
Har ta koma ga Allah ba ta san yana numfashi ba.
Ni na gan shi yana buɗe yatsu da magariba,
yana kamun abin da ido ba ya gani.

Ran Talata koren ya ƙi buɗewa.
Ran Alhamis mai rassan nan ya soma fari daga gindi,
furfurar da ta ɓata hanya, ta faro daga ƙafa.

Shekara talatin na yi a ɗakin gwajin asibiti,
na san yadda ake yi wa ruwa tambaya.
Na jera kwalabe, ɗigo biyar, girgiza, jira.
Gishiri daidai.
Tsami daidai.
Kowace kwalba ta rantse ba ita ba ce.

Na tuhumi zafi.
An ɗauke wuta awa tara ran Lahadi,
inbata ta yi kuka ta yi shiru.
Na sayo ƙanƙara a leda gidan Maman Kyauta,
na sa ta yawo a kan ruwa kamar kwalekwale.
Farin ya ƙara hawa, gaɓa guda.

Na tuhumi Habila mai kawo ruwa,
ya ce, Baba, burtsatsen bara ce, ba ta sauya ba.
Na rage fitila. Na ƙara fitila.
Na kori maganin sauro daga ɗakin.
Har kaskon turaren Tasalla na fitar waje,
ta ce, to, yau dutse ya hana ni ƙamshi a gidana.
Ban tanka ba. Mai neman ɓarawo
kowa ya gani sai ya ga hannunsa a aljihu.

Abu guda ya hana ni barci:
kifayen lafiya lau, suna ta kai da kawo,
amma dodon koɗi na sakin gilashi ɗaya bayan ɗaya,
su faɗi rigingine, ba su tashi.
Wane dafi ne ke tsallake mai ƙaya
ya kama marar ƙashi?

Da asuba, bayan salla, na zura tiyo cikin yashi,
ina zuƙe datti bayan babban dutse.
Sai ƙas.
Na tura hannu har hammata.
Kwabo ne. Tsohon kwabon jan ƙarfe,
irin na gwangwanin da ke kan durowata,
ya yi kore shar, yana ta zuba guba a hankali,
sati nawa, Allah masani.

Umaima, jikata, shekara biyar,
ta tsaya bakin ƙofa da burodi a hannu.
Ta ce, Kaka, ni na ba su.
Na ga ba su da kuɗin cefane.

Faɗan da na tanada kwana goma sha ɗaya
ya rasa wurin zama.

Na canza ruwa, bokiti shida, baya na ƙara.
Na cusa gawayi a matata.
Umaima ce ke riƙe min tiyo,
Tasalla ta dawo da kaskonta ba ta tambaye ni ba.

Mai rassan bai dawo ba.
Yana nan fari fat, ban cire shi ba.
Koren kuwa, jiya da magariba,
muna tsugune mu biyu, hanci a gilashi,
ya miƙo yatsa ɗaya.
Ta ce, gaishe mu yake yi?
Na ce, ki yi shiru tukuna,
bari mu ga na biyun.