Awon Bango

Majigin ya iso ta Ɗan Isa cikin kwali,
naɗe da tsumma kamar jinjiri.
Jika ɗari da sittin na ƙirga,
a gida na ce tamanin.
Saura allo.

Na kira Nomau kafinta na ce:
daga wannan kusurwa zuwa waccan,
bangon duka nake so,
in maƙwabcina Tsahiru ya leƙo
ya mance abin da ya kawo shi.
Nomau ya zare fensir daga bayan kunne,
ya taka ɗakin, ɗaya, biyu, a na biyar
gwiwarsa ta bugi kujera.
Ya ce, Malam Ilu, ɗakinka taki biyar ne,
burinka kuwa sai filin ƙwallo.

Ban ji ba.
Na yanko alawayyo a babbar kasuwa,
tela ya haɗa ƙwarya uku,
muka ɗame shi da ƙusa sha biyu.

Da dare muka kunna.
Hasken ya bazu, ya tsinke,
kamar kokon da aka ƙara wa ruwa don baƙi.
Hancin ɗan wasa ya kai rumbu,
gemunsa kamar shingen kara.
In ƙwallo ta tashi daga hagu zuwa dama
sai wuyana ya yi tafiyar Bagalam zuwa Zariya
ya dawo a ƙasa.
Auta ya tsala ihu ya shige bayan uwarsa.
Na kwana ana shafa mani man zafi.

Zaleha ta dawo daga lise da igiyar awo.
Ta ja daga kujera zuwa bango:
metir uku da rabi.
Ta yi ƴan rubuce-rubuce a bayan takardar kuran,
ta ce, Baba, faɗi biyu ya isa,
ido ba ya cin abin da ya fi bakinsa.
Na ce yaushe aka haife ki.

Ran Juma'a Inna Hajo ta zo da sandarta.
Ba ta son silima, ba ta son ƙwallo.
Ta ce, wancan na sunan Zaleha fa,
wanda aka juye daga kaset?
Na sa.

Ga Baba zaune bisa tabarma,
shekara sha bakwai baya,
yana ɗaga hannu yana hana mai ɗauka.
Kansa ya taɓa rufi.
Inna ta ce, wannan ba shi ba ne,
bai taɓa cika ɗaki haka ba,
ko murya bai ɗagawa.
Matso da abin.

Na jawo tebur gaba.
Baba ya ragu, launin rigarsa ya dawo,
shuɗin nan da ya koɗe a kafaɗa.
Ƙara.
Na ƙara.
Tabon lauje ya fito a babban yatsa.
Ta tashi, ta ratsa hasken,
inuwarta ta zauna kusa da shi,
ta ɗora tafinta bisa nasa.
Ta ce, tsaya nan.
Da gaɓa ɗaya ya fi ni, ko da can.

Ba wanda ya yi tari.
Nomau ya lallaɓa da fensir
ya ɗiga ɗigo huɗu inda haske ya ƙare.
Zaleha ta auna: biyu, da yatsa uku.
Ta dube ni, ta kau da kai,
dariyar na motsi a kumatunta.

Abin da almakashi ya rage na alawayyo
Inna ta ninke shi da kanta,
ta sa a ƙasan adakarta.
Ban tambaya ba.

Jiya Tsahiru ya leƙo.
Ya ce, duk surutun nan, ɗan wannan ne?
Na ce zauna dai.
Bai tashi ba sai da kuran ya ɗauke.