Jar Fitila a Bayan Sirdi

Ranar Laraba tifar yashi ta shafe ni
a gangaren Lamingo, kafin kiran asalatu.
Ba ta taɓa ni ba, iskarta ce ta ture ni.
Kabeji goma sha ɗaya suka gangara kwalbati,
ni kuma na zauna a kan dutse ina ƙirga yatsuna.
Direban bai tsaya ba. Me zai tsaya yi?
Duhu ya gani, duhu ya wuce.

Da hantsi na ɗingisa zuwa Taminus.
"Danjar keke?" Talle ya yi dariya,
"wa ke tambayarta, kowa ya koma babur?"
Sai ya zube mini fitilun goshi a kan tebur,
irin na masu shiga ramin kuza.

Akwai wata fara mai ƙarfi kamar ta mota,
na ɗaga, na ji nauyi, na ajiye.
Akwai mai caji, kyakkyawa, 'yar gayu,
amma mu da wutar lantarki
mukan yi kwana uku ba mu gaisa ba.
Can a gefe wata 'yar mummuna mai batir uku:
ka danna, fari,
ka sake, fari mai kunya,
ka sake, ja,
na huɗu ja mai ƙyafta ido.
Na ce Talle ya shiga ƙuryar shago da ita,
bayan kwalaye, inda rana ba ta zuwa.
Ta ƙyafta mini daga can kamar garwashi mai numfashi.
Muka ja ciniki har ya rantse da gemunsa,
na biya, kuɗin kabeji tara.

Babana shekara ashirin da fitila a goshi,
ƙasa a sama, ruwa a ƙasa.
Yakan ce namiji gabansa yake haskawa.
Allah ya jiƙanka, Baba,
ramin da kake shiga babu tifa a bayanka.

Na fara ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi,
buhu ya zauna a kanta, ta ɓace.
Na mayar da ita wutsiyar kariya,
na naɗa igiyarta sau biyu,
na ƙara da robar tsohon tub,
na sa mata hular leda saboda ruwan Jos
da ba ya sallama kafin ya shigo.
Ta sunkuya tana kallon taya.
Na cusa mata guntun silifa a haɓa,
ta ɗaga kai daidai idon direba.

Bayan isha'i na tsayar da Uwani a ƙofar gida,
na taka har kwanar masallaci.
"Ina ganinka!"
Na wuce mai shayi.
"Har yanzu, Baba!"
Na kai wajen rijiya, muryarta ta ƙanƙance,
ban san me ta ce ba, amma ba ta daina ba.

Sati uku ke nan.
Jiya a Farin Gada ina sauke kaya,
hannuna ya ƙage don sanyi,
wani mai rigar bakin mai ya leƙa bayan kekena.
"Kai ne mai ƙyaftawar nan?
Tun daga gada nake ɗaga ƙafa dominka."
Ban tambaye shi inda yake ranar Laraba ba.
Na ba shi kabeji ɗaya, ƙarami.

Ni dai ban taɓa ganinta tana aiki ba.
Gabana duhu ne kamar kullum,
na san ramukan hanya da sunayensu.
Sai dai in na ji gurnani yana tahowa,
nakan miƙa hannun hagu baya,
in waiga kaɗan,
in ga yatsuna sun yi ja, sun mutu, sun yi ja,
in ci gaba da taka feda.